Yatsun Malam da Tankin Kagarawal

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Allah Ya jiƙansa. Aikinsa ɗaure ƙarfe da noti: rumfunan auduga, tankunan ruwa, duk abin da ake so ya tsaya a sama.

Malam bai taɓa yarda da ƙarfe don kyan ganinsa ba. Kafin a ɗaga gini, yakan haɗa guntaye biyu da noti, ya rataya musu buhunan yashi ɗaya bayan ɗaya har haɗin ya yage, ya tsuguna yana duban inda ya yage. Ya sha gaya mini noti ba kasafai yake karyewa ba, bakin ƙarfen ne ke tsagewa in an yi huda kusa da shi. Shi ya sa yake ɗora yatsu biyu tsakanin huda da baki. In ba su zauna ba, sai a kwance haɗin. Leburori har tsokanarsa suke yi, wai yatsunsa sun fi injiniya tsanani.

Yanzu kuɗin fetur ya zo, ko'ina gini, kowa sauri. An kafa mana tanki a Kagarawal, bisa dogayen ƙafafu na farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Mata sun yi murna, ni ma na yi, don mun gaji da rijiya.

Ranar Talata da hantsi na bi ta gindin tankin, hannuna ya kai kan haɗin ƙafa ɗaya ba tare da na yi niyya ba. Ko yatsana ɗaya bai zauna tsakanin huda da baki ba. Na zaga sauran ukun, duk haka.

Na sami ɗan kwangilar, na gaishe shi, na faɗa masa. Ya yi dariya cikin ladabi.

"Inna, wannan ƙarfen ko jikokinki ba za su ga tsatsarsa ba."

Ai ba tsatsa nake tsoro ba. Mai tsatsa ma yana nuna ciwonsa, a gyara. Wannan zai yi ta walƙiya har ranar da zai saki.

Da Malam na nan, da ya sa an rataya yashi tukuna. Ban gaji sifanarsa ta ɗaure noti ba, ban gaji muryarsa da ake ji ba, awon nan kaɗai ya bar mini. Shi nake miƙa wa masu iko ta wannan shafi: a zo a auna. An ce Jumma'a za a cika tankin, kuma a ƙarƙashinsa aka sa famfon da 'ya'yanmu za su yi layi.