Wuraren Nema Uku na Malam Yohanna

Shekara takwas ke nan da rasuwar Malam Yohanna, shugaban masu zane a ofishinmu na Limawa a Dutse, inda muke zana taswirar gidaje da shaguna. Tare muka fara tun ana zane da fensir, tare muka koma kwamfuta. Karatuna bai wuce makarantar sana'a ba, amma na san tsari in na gan shi.

Ga yadda aikin yake. In mai zane ya kira ƙofa ko taga da sunanta, manhajar zane takan bi wuraren neman da aka nuna mata, daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara samu ita take ɗaukowa. A lokacin kowannenmu ya cika kwamfutarsa da irin waɗannan wurare: foldar tsohon aiki, filashin da ya ɓace, kwamfutar wanda ya bar aiki tuni. Manhajar sai ta leƙa ko'ina, har inda babu. Kana iya danna zane ka je ka sha shayi ka dawo bai buɗe ba. In aka ɗauke wuta kuwa, uwar kwamfutar da muke tarayya a kanta ta mutu, sai kwamfutoci masu batir su daskare suna jiranta.

Ana haka wani ɗan kasuwa daga Jahun ya kawo aikin ɗaki don mahaifinsa mai keken guragu. Malam Yohanna ya faɗaɗa ƙofar ya ajiye a uwar kwamfuta. Malam Tukur, wanda ya girme mu duka, shi ya ƙarasa zanen, kwamfutarsa kuwa ta ɗauko tsohuwar ƙofa mai suna iri ɗaya daga foldarsa. Magina suka bi takarda. Keke bai shiga ba, sai da aka fasa bulo.

Washegari Malam Yohanna ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ya goge wuraren neman, ya bar uku. Na farko kwafin kayan zane na ofis, su ƙofofi da tagogi, wanda kowa zai sabunta daga uwar kwamfuta da safe kafin ya taɓa komai, don ko an ɗauke wuta aiki ya ci gaba. Na biyu foldar aikin da ke hannu, sannan kayan manhajar kanta.

Ofis ya hargitse. Malam Tukur ya yi shekaru yana tara tagogi masu ado, ya ja mutane zuwa wurin Alhaji mai ofishin, ya ce an shiga musu ɗaki an kwashe kaya, a sauya musu shugaba. Na san Malam Yohanna baƙo ne a garin, yana da iyali a gidan haya da yara a makaranta, shi ya sa na ja shi gefe na ce ya sassauta. Bai ji ba.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa kayan kowa ba," in ji shi ga Alhaji. "Hanyar kawai na rufe. Mai taga mai kyau ya kawo a duba a sa a kayan kowa. In ba a yarda ba, a ba wani kujerar. Ba zan sake aika mutum ya fasa bangonsa ba."

Alhaji ya ce a ci gaba a gani. Aka yi makonni Malam Tukur ba ya wuce gaisuwa, ya kuma laƙaba masa Limamin Folda. Amma zane ya riƙa buɗewa nan take, ba wanda ya iya musun wannan. Wata rana Malam Tukur ya zo ya dire filashi a teburin Malam Yohanna.

"Liman, ga tagogin nan. In ka lalata min su, ni da kai ne."

"To Yaya Tukur, shigo sahu," in ji Malam Yohanna.

Yau an mayar da kayan ofis kan intanet, matasa suna buɗe zane daga gida. Nakan tambayi kaina me Malam Yohanna zai ce da yana raye. Ina jin ba zai ƙi ba, don bai taɓa tsoron sabon abu ba. Zai dai tambaya ina kwafin da ke ƙasa ranar da sabis ya ɗauke, kuma wa ke da ikon canza ƙofa.

Bai bar gidan kansa a Dutse ba, sunansa ma ba ya kan ko ɗaya daga gine-ginen da ya zana. Amma a watan jiya wani sabon ma'aikaci ya zauna zai ƙara foldarsa a saman wuraren nema. Kafin in tashi, Malama Hauwa, wadda ba ta taɓa ganin Malam Yohanna ba, ta leƙo ta ce masa nan uku ne, ya kawo abinsa a duba. Ya tambaye ta wa ya ce haka. Ta ce ba ta sani ba, haka ake yi a nan. Na koma na zauna.