Saratu Mai Kitso da Haƙƙin Zinariya

Duk wanda ya ce ya zauna Zangon Wagadugu kafin a rushe shi, amma bai san Saratu mai kitso ba, ku rabu da shi, baƙunta ya zo. Gajeruwar mace ce mai ƙarfin hannu. In ta kama kan mace sai ta ji girarta ta hau sama, amma kitson yakan yi wata guda bai tashi ba. Daga wajen Maraɗi mijinta Kabo ya kawo ta, shi yana gyaran mobilet, ƙananan baburan nan, ita tana kitso a ƙofar ɗaki, har ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Kirista ce, ita kaɗai a layinsu. Ran Lahadi takan ɗaura zanenta mai kyau ta tafi majami'a, inda 'yan Hausawan da ba su kai talatin ba suke yin sujadarsu bayan masu Mosanci, yaren gari, sun tashi. Ba wanda ya damu da wannan. Da Sallah ɗakinta ya fi na kowa cika da nama, da Kirsimeti kuwa yaran layin su suke raba mata shinkafa gida gida.

Katanga ɗaya ta raba ta da Mamunatu, mai sayar da goro a Rood Woko, babbar kasuwar gari. Mamunatu ta girme ta, don haka Saratu Yaya take ce mata. Ɗiyar Mamunatu kuwa, Zinariya, a gwiwar Saratu ta girma. Tun gashinta bai isa kamu ba Saratu take yi mata kitso, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, kuma yarinyar Inna take kiranta.

To, ga inda abin ya ɓaci. A shekarar casa'in da shida wani ɗan kasuwa Bakano mai sayar da atamfa ya nemi auren Zinariya, ita ma tana sonsa, har lefe an fara haɗawa. Ana nan sai wata mai ɗan baki ta zo kitso, ta ce wa Saratu wai Mamunatu ta ce kitson amarya a wani sabon shago na unguwar Paspanga za a yi, don kada surukai 'yan Kano su ji cewa hannun Kirista ne ya taɓa kan amaryarsu. Ko Mamunatu ta faɗa, ko ba ta faɗa ba, oho. Saratu ba ta tambaya ba. Ta haɗiye maganar, ta zauna mata a ƙirji kamar ƙashin kifi.

Su kuwa dangin ango suka turo bincike, kamar yadda aka saba. Kuma mai hankali in zai binciki yarinya ba gidan liman zai je ba, wajen mai kitso zai je, don ita kowane kai ya ratsa ta cinyarta, kowane asiri ya ratsa ta kunnenta. Yayar angon, Hajiya Indabo, ta zo da kanta ta zauna, ta cire ɗankwali, ta kwantar da kai. Sai da aka yi nisa sannan ta ce, "An ce mini ke ba ki ƙarya, kuma ba ki da dangi a cikinsu. Yarinyar nan ta maƙwabtanku, yaya take?"

Saratu ta tsaga gashi da tsinke, ta ce, "Hajiya, ni ba na shiga maganar mutane. Na dai sha ganinta a bayan wani namiji bisa mobilet, sun nufi unguwar Dassasgho. Iyakar abin da na gani ke nan."

Kuma gaskiya ne, ta gani. Sai dai namijin kawunta ne, Lassane, ƙanen uwarta, yana kai ta wajen koyon ɗinki. Saratu ta san haka kamar yunwar cikinta. Kalma ɗaya ta rage ta ƙara, ta rufe bakinta ta ci gaba da kitso.

Ba a yi sati biyu ba 'yan Kano suka janye, ba su faɗi dalili ba. Zinariya ta yi kuka har ta rame, kuma abin takaici, a cinyar Saratu ta yi rabinsa. Daga baya ta auri wani direban babbar mota, ya tafi da ita Buwake a ƙasar Kodibuwa. Saratu kuwa ta yi shekara shida tana gaya wa kanta cewa ba ta yi ƙarya ba. Tana rera waƙa a majami'a, tana cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa Lahadin farko ta kowane wata, tana kuma karɓar goron da Mamunatu ke miƙo mata ta saman katanga.

A ƙarshen shekarar dubu biyu da biyu yaƙi ya tashi a Kodibuwa. Naƙuda ta kama Zinariya a lokacin da hanyar asibiti take rufe, ta rasu ita da abin cikinta. Ranar da labarin ya iso Zango, Saratu ce ta riƙe Mamunatu don kada ta faɗi. Tana riƙe da ita tana ji a jikinta cewa da ta ƙara kalmar nan ɗaya, da yanzu yarinyar tana Kano cikin ɗakinta. Daga Lahadin nan ba ta sake miƙa hannu ga gurasa ba. Takan zo sujada, ta zauna a bencin baya, in an zo rabo ta sunkuyar da kai.

Fasto Yahuza ya lura. Shi ma mutumin wajen Maraɗi ne, bai kai arba'in ba, malamin makaranta ne sauran kwanaki. Wata Lahadi da rana bayan an watse ya tsayar da ita a inuwar bango, ya tambaye ta abin da ya raba ta da teburin Ubangiji. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta amayar masa da komai.

Ya ce, "Mama Saratu, zunubi ne, ba zan rage miki shi ba. Gaskiyar da aka yanka rabi don a cuci mutum ta fi ƙarya dafi. Amma teburin nan ba na waɗanda suka wanke kansu ba ne. Da za mu iya wanke kanmu, me ya kai Yesu kan gicciye? Alheri ba lada ba ne, kyauta ce."

Ta ce, "Fasto, na Allah na yarda ya ɗauke. Na Zinariya fa? Tun ina amarya a Zangon nan nake jin malaman Musulmi suna cewa, abin da ke tsakaninka da Allah yana yafewa, amma haƙƙin mutum sai mai shi. To mai shi tana ƙarƙashin ƙasa a Buwake. Wa zan roƙa?"

"Wanda ya halicce ta," in ji shi. "Duk wanda kika cuta, Mai shi kika fara cuta. Kuma shi ne ya biya."

"Ai kuwa da arha na sha," in ji Saratu. "Ita ta mutu, uwarta ta zama kamar mahaukaciya, ni kuma in buɗe baki in sha ƙoƙo in tafi gida da sauƙin zuciya? Haba Fasto! Kai ma in ɗiyarka ce ba za ka so a sallame ni haka ba."

Wannan ta daki faston, don yana da ɗiya. Ya ce ba arha ba ne, jini ne aka zubar. Ya kuma ce ya kamata ta je ta gaya wa Mamunatu, amma da ta tambaye shi ko gayawar za ta yi wa Mamunatu amfani ko kuwa ita kaɗai za ta sauke kaya, sai ya ce wallahi bai sani ba. Saratu ta fi ganin girmansa a kan wannan amsar fiye da duk wa'azinsa, amma ba ta je ba.

Shekarar da ta biyo baya ba ta bar wa 'yan Zango komai ba. Rood Woko ta ƙone, goron Mamunatu ya tafi a ciki. Kafin mutane su farfaɗo, maganar rushe unguwar don sabon gini ta tabbata, aka shafa wa gidaje alama. Kowa ya kama ɗaure kaya. Kuma kun san halinmu, ba a rabuwa haka kawai. Mata suka riƙa bin juna ɗaki ɗaki, "Wance, zaman tare ya ƙare, abin da na yi miki ki yafe mini." Ita kuma ta ce, "Ba ki yi mini komai ba, na yafe, ni ma ki yafe." A yi kuka, a rabu. Saratu ta ga ƙofa ta buɗe. Da ta bi sahun mutane ta faɗi wannan a dunƙule, da Mamunatu ta ce na yafe tun kafin ta rufe baki. Amma Saratu ta ce yafiyar da aka karɓa ba tare da mai bayarwa ya san abin da yake bayarwa ba, sata ce ta biyu.

Ana gobe Mamunatu za ta koma wajen ƙanenta Lassane a Dassasgho, ta shigo da hantsi ta ce, "Saratu, zo ki kama mini kan nan, ban san hannun da zan faɗa ba a can." Ta zauna a ƙasa, ta jingina da gwiwar Saratu. Gashin duk ya yi fari. Saratu ta tsefe, ta shafa mai, ta kitsa gefen dama. Da yake mai kitso ba ta ganin idon wadda take yi wa, sai bakin ya samu ƙarfi.

"Yaya, auren Zinariya na fari, ni na kashe shi."

Ta faɗi duka, da zuwan Hajiya Indabo, da mobilet, da sunan Lassane da ta ɓoye, har da maganar shagon Paspanga. Mamunatu ba ta motsa ba sai da ta gama. Sannan ta sa hannu ta cire yatsun Saratu daga kanta, ta miƙe, ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso.

Ta ce, "Saboda kitso." Ta sake cewa, "Saboda kitso, Saratu." Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. "Ƙasa ta ɗauke mini ɗiya, wuta ta ɗauke mini kasuwa, gobe za a ɗauke gida. Na ce ko ba komai ina da maƙwabciya da zan riƙa tunawa. Ita ma kin zo kin karɓe. Me ya hana ki bar ni in tafi da ita? Ke kin sauke, ni kin ɗora mini."

Ta fita. Saratu ta zauna da tsinke a hannu har rana ta take.

Ita Saratu wata 'yar majami'a ce ta ba ta ɗaki a bayan gari. Ta ci gaba da kitso, sai dai hannun ya fara rawa, 'yan mata kuma sun koma shago. Kowace Juma'a da safe takan shiga taksi zuwa Dassasgho, ta yi sallama a ƙofar Lassane. Matarsa Rokia ta fito ta ce Yaya tana hutawa. Saratu ta zauna a dakalin waje kamar awa ɗaya, ta tashi. Ba a kore ta ba, ba a kuma taɓa shimfiɗa mata tabarma ba. Wasu suka ce naci ne, wasu suka ce ta bar baiwar Allah ta huta, kuma wataƙila suna da gaskiya. Fasto Yahuza ya ce mata tana so ta biya da ƙafarta abin da aka riga aka biya. Ta ce ta ji, Juma'a na zuwa ta sake tafiya. Shekara huɗu ana haka.

A damina ta dubu biyu da bakwai ta iso ta tarar da tabarmi a ƙofar gida da maza zaune. Tun jiya da la'asar aka kai Mamunatu makwancinta, ba wanda ya aika mata. Ta shiga wajen mata ta yi gaisuwa, ta jira har mutane suka ragu, sannan ta matsa kusa da Rokia.

"Ta yi magana kafin ta cika?"

"Ta yi," in ji Rokia. "Da hankalinta. Ta ce a shaida, duk wanda ya yi mata wani abu ta yafe, duniya da lahira."

Saratu ta kama hannun Rokia. "Ta ambaci sunana?"

Rokia ta dube ta, kuma Allah ya saka mata, ba ta yi mata ƙarya ba. "Ba ta kira sunan kowa ba, Inna. Ni ma na so in tambaye ta, sai na ji nauyi."

Saratu ta fito cikin yayyafi ba ta san ko an sallame ta ba ko an tsallake ta. Wadda za ta raba gardamar ta tafi inda Zinariya ta tafi. Yanzu ba ƙofar da za ta zauna, ba sauran abin da za ta yi da ƙafarta ko da bakinta.

Lahadin da ta biyo baya ita ce ta farkon wata. Matar da ke zagayawa da tiren gurasa ta zo bencin baya, ta wuce Saratu ba ta ko rage tafiya ba, don ta saba. Sai ta ji an riƙe mata bakin zane. Ta juyo. Tsohuwar tana kuka har ba ta iya ɗauka, sai da matar ta ɗauko gutsuren ta sa mata a tafi. Saratu ta kai baki, ta yi ta taunawa, ya ƙi wucewa. Mai tire ta tsaya a kanta, duk majami'a tana jira, har ta haɗiye.