Sunan Ɗan Fari

Mutane kan tambaye ni me ya kai ni digirin digirgir a kan sauro, ni da ko kukansa ba na so. Sai in ce ƙwayoyin cutar da yake ɗauka nake bi, masu ratsa jini su shiga ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne, amma da sauran magana.

Yayana shi ne ɗan farin Inna. A gidanmu na Dandamisa kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, "wancan" kawai take cewa. Kaka ce ta raine shi har ya zama ƙato, manomin rake mai tsokanar tsiya, wanda ya laƙaba mini "malamar sauro" tun kafin in san inda zan dosa.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka ce maleriya ce, kamar yadda ake ce wa kowane zazzaɓi, aka sayo magani a kemis. Sai wuya ya sanƙare, sai jijjiga. Ashe wata cutar sauron ce daban, mai taɓa ƙwaƙwalwa. Ya dawo daga asibiti jiki garau, amma wanda ya dawo ɗin ba shi ba ne. Ya koma zama a gindin rumbu yana kallon kaji. Har yau ban saba ba.

Da aikina ya kawo ni gida ɗibar jinin masu irin larurarsa, na zauna da Inna in ji yadda ciwon ya fara, tunda Kaka ta rasu. Na ɗauka Inna ba ta san komai ba, don ko ƙofar ɗakin da ya yi jinya ba ta taka ba. Ashe a bayan bangon take yini, tana tsince wake. Ta san ranar da harshensa ya fara harɗewa. Ta ce akwai yammar da ya yi ta kiran "Inna, Inna", tsakar gida cike da mata 'yan dubiya, ta kasa tashi.

Ta ce, "Ke da kika yi boko, abin nan da ya shiga kansa ya bar masa sunansa?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Jini ba ya nuna wannan."

Can ta gyara ɗankwalinta, ta ratsa tsakar gida da rana tsaka, ta tsaya a gabansa ta kira sunan. Bakinta bai saba ba, sunan ya fito a kakkarye. Ta sake kira, da ƙarfi.

Ya ɗago ya dube ta cikin ladabi, ya ce, "Baiwar Allah, ina jin ya tafi gona."