Yadda Na Raini Ɗana Ba Madara Ba Nama

Assalamu alaikum, Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina da ƙuruciya, haihuwata ɗaya, ina aure a wani gidan masu shanu a gefen Kutama. Zamanin gyaɗa ne, da kaka kowane magidanci na kora jakunansa zuwa sikeli a Gwarzo. Ɗana bai isa yaye ba na sami wani cikin, manya suka ce dole a cire shi daga nono. Ban damu ba, don a gidanmu ƙwaryar madara ba ta bushewa.

Ranar da aka fara ba shi madarar shanu ya yi ta amai, jikinsa ya feso da ƙuraje, zawo ya biyo baya. Aka gwada tafasasshiya, aka gwada kindirmo, duk ɗaya. Ƙwai kuwa ba a ba yara a lokacin, wai yana sa su sata, nama kuma sai da salla ko suna. Sai na koma ɗura masa tsinkakken koko safe da yamma, ina ganin tunda cikinsa ya cika ai ya ƙoshi. Ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya kwanta, ko kukan kirki ya daina. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne maganar da ake yi a bakin rijiya, wai jinin gidan nan bai taɓa ƙin nono ba, sai a bincika inda na samo shi. Uwar mijina kuwa ta daina goya shi.

Wata rana ina matsar man gyaɗa, na zaunar da shi kusa da ni. Ina juyowa na ga ya dumbuzi tunkuza ya cusa a baki. Na wuni ina duba fatarsa, ina jiran amai. Shiru. Washegari na dama masa kunun gyaɗa mai kauri da gero da tsamiya, ya shanye yana lasar ludayi. Daga nan na fara surfa wake in cire ɓawon, in dafa shi luguf da kabewa da ganyen zogale, in zuba mai kaɗan in murje.

Uwar mijina ta tarar da ni ina ba shi, ta ce, "Da wannan za ki raini jikan masu garke?"

Na ce, "Inna, ki bar ni da shi zuwa ƙarshen kaka. In bai tashi ba, ki yi yadda kika ga dama." Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar.

Kafin a gama kwashe buhuna daga gona kumburin ya saɓe, gashin ya fara baƙi daga tushe. Ranar sunan ƙanwarsa, tsakar gida cike da mata, har da masu waccan magana, ya saki turmin da yake dafawa ya tako har gaban Inna yana gwale ƙafar hagu. Ta sure shi tana hawaye, ta ce wannan tafiyar marigayi mijinta ce sak, duk mai shakka ya zo ya gani. Tun daga ranar ita ke soya masa gyaɗar da hannunta. Yanzu magidanci ne a Kabo, da jikokinsa da garkensa, har yau kuma bai ƙara shan madara ba.

Na koyi cewa cikar ciki daban, ƙoshi daban. 'Yan'uwana mata, in jikin yaro ya ƙi wani abinci, kada ku matsa masa don gudun bakin mutane, kada kuma ku bar shi da koko zalla. Ku haɗa masa abin da zai gina shi, ku kai shi asibiti a duba, tunda ku kuna da shi kusa. Ku da kuke bakin rijiya kuma, ku ji tsoron Allah. Uwar da ɗanta ke ramewa a hannunta taimako take nema.