Randunan da Ba Su Sha Ruwa Ba

A gidanmu ba a sayar da tukunya da kuɗi. Mace ta zo da hatsinta, ta zaɓi wadda ta yi mata, ta cika ta har baki, mu juye hatsin a ƙwarya, ta ɗauki abinta ta tahi. Haka na iske Inna tana yi, ita ma haka ta iske uwarta.

Shekarar da fari ya sake maimaita mu, mijina ya tahi can kudu, Kurmi, biɗar kuɗi, ko labarinsa babu. Na kwaso ɗiyata na komo gidan Inna, a ƙauyenmu da ke kusa da Filingue. Ɗiyar fari ce, ba ni kiran sunanta don kunya, amma wallahi ina kallon wuyanta yana sirancewa, gashinta yana ja. Anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci, muke jiƙawa mu ci. Babban mutum ya haɗiye ɗacin ya daure, ita kuwa da ta sa a baki sai amai. Hatsi take buƙata, ko na kunu ne.

Ni da Inna munka zauna munka yi lissahinmu na magina: tun da cikin tukunya shi ne kuɗinta, to a gina babba. Randa guda in an cika ta, ai mun ga damina. Yunwa ce ta yi muna wanga lissahi, mu kuma munka ga ya yi daidai.

Yumɓu sai da na sare shi da gatari a busasshen tabki. Ruwan kwaɓi kuwa, in na samo tulu guda bayan dogon jira a rijiya, matan gari su bi ni da ido suna cewa mutane na ƙishirwa wata tana shayar da ƙasa. Na ce musu wadda ta ga dama ta zo ta shayar mini da ɗiya, in bar ƙasar. Ƙaiƙayin da muke haɗawa da yumɓu don kada ya tsage an riga an tankaɗe shi an cinye, sai munka daka tsofaffin tsingaro munka zuba. Inna tana ɗora jiki, ni ina bugawa ina gyara baki, sannan in shafa jar ƙasa in goge da 'ya'yan kuka har su yi sheƙi.

Sai ga maganar gashi. Da kandilo muke gasa tukwane, busasshen kashin shanu, shi ke riƙe wuta ta daɗe tana ci. To shanun ƙasarmu ta Kurfey sun ƙare, kashin wa za a tsinto? Kara ma dabbobi sun cinye kafin su faɗi. Na dubi rumbun marigayi babana, na kara da zana, tsaye babu ko ƙwaya a ciki.

Inna ta ce, "Ke, ba a ƙona rumbu. In an yi ruwa a zuba ina?"

Na ce, "Inna, a yi ruwan tukuna."

Ta juya baya, na hau na kwance shi. Mun jera randuna bakinsu a ƙasa, mun rufe da itacen rumbu da zana da ɗan kandilon da na roƙo gida gida, na sa wuta ina karanta duk abin da na iya. Allah ya taimake mu, kaɗan sunka fashe. Saura in ka ƙwanƙwasa sai su amsa ras.

A kai na yi ta jigilarsu zuwa kasuwar Filingue. Mata suna zuwa su ƙwanƙwasa, su yaba, su wuce. Wata ta ce mini, "Baiwar Allah, da me zan cika wagga? Da yashi?" Matan ma'aikata, waɗanda ke da abin cikawa, sun sayi bokitan roba da anka kawo daga Nijeriya, ko kallona ba su yi ba. Sai lokacin na gane abin da munka yi: garin da ba mai iya cika kasko, mun kawo masa randa. Rumbu ya tahi a banza. Na zauna cikin kayana na yi kuka, ban damu da mai kallo ba.

Bayan la'asar wani dattijo ya tsaya a kaina, ƙasa har gwiwarsa. Bai ƙwanƙwasa ba, da hannu ya auna faɗin randa. Ya ce ba shi da abin cika ta, amma ga tiya ta jar dawa, irin wadda kamiyo, babbar motar kaya, ke kawowa ta taimako. Na karɓa. Nan gabana ya kwantar da randar, ya bi ta da bakin gatari a hankali, ya raba ta biyu.

Na tashi a kansa. "Baba, kana da hankali? Ka san abin da na ƙona kafin in gasa ta?"

Bai yi fushi ba. Ya ce shi mai haƙa kabari ne. Mutanen da sunka gangaro daga wajen Abala sunka zauna bayan gari suna jiran taimako, kullum sai an kai wasu maƙabarta. Itacen da ake jerawa a rufe gawa kafin a tura ƙasa ya ƙare, ɓarin randa suke kifawa. Wani ɗan kasuwa ne ke ba da dawar sadaka. Ya tambaya ko ina da saura.

Ran nan ɗiyata ta sha kunu. Na ga ta riƙe ludayi da hannu biyu, ta ƙi saki.

Daga nan na daina shafa jar ƙasa, na daina gogewa, don ba mai gani. Darni ya shiga wuta, jinkar ɗakin girki ta bi shi. Abin da ya fi ci mini rai, in na hango dattijon nan yana tahowa sai in ji sanyi a zuciyata, alhali na san abin da ya taso shi. Na tsani kaina, kuma na ci gaba da dubar hanya.

Dawar ba ta isar mutum uku. In na miƙa wa Inna nata sai ta ce ta taɓa a wajen dahuwa, ta jawo jikarta ta zaunar a cinya. Yarinya ta fara tashi tana wasa, ƙafahun Inna sunka kumbura, har ba ta iya durƙusawa gaban yumɓu.

Wata safiya ina kwashe gashi daga toka, ta sa na tallabo ta zuwa wurin. Ta bi randunan tana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, ta ware biyu masu kyawun amo.

Ta ce, "Waɗanga ki aje su bayan ɗaki. Kada ki kai kasuwa, ko nawa anka ba ki."

Na ce, "Inna, na wa?"

Ta ce, "Ki goge mini su da 'ya'yan kuka, yadda na koya miki. Ba ni son a ce maginiya ce anka rufe da aikin gaggawa."