Kogin Soso na Kofur Bartholomew

Kullum da ƙarfe bakwai na safe, ban da Lahadi, Kofur Bartholomew Kumai yakan bi bayan rumfunan masu katifa a kasuwar Kafanchan da buhu a kafaɗa, yana tsintar guntayen soson da aka yar. Masu katifa suna ce masa akuyar kasuwa, shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya koma rumfarsa kusa da tashar jirgin ƙasa, ya shimfiɗa falanki, ya ɗauki reza. Kafin rana ta take, soso ya zama dutse, dusar katako da koren fenti sun zama ciyawa, tsinken tsintsiya ya zama kurmi. Mu malaman makaranta mukan karɓa don koyar da labarin ƙasa, ma'aikatan jirgi kuma su jera marafan kwalba a kai suna wasan cin gari. Bana, 1978, idonsa ya yi rauni, ya ajiye reza. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, amma ba duwatsun makaranta ne suka sa ni ba.

A soja ya koyi aikin. Lokacin yaƙin basasa shi ke gina wa hafsoshi siffar ƙasa da laka a kan tebur, su riƙa tura 'yan sojojin katako suna tsara inda za a bi. Bayan ya dawo gida, iyayen da 'ya'yansu ba su dawo ba suka fara sallama a rumfarsa. Ba gawa, ba kabari, sai takarda. Yakan nemo tsofaffin sojojin da abin ya faru a idonsu, ya yi ta tambaya, ya gina wurin da soso, ya kafa gicciye na tsinken ashana daidai inda ɗan ya faɗi. Fasto Jonathan ya ce falanki goma sha ɗaya irin wannan ya yi wa addu'a.

Na goma sha biyu na Mama Afiniki ne. Ɗanta ɗaya tilo, Silvanus, an aiko cewa ya ɓace, ita kuwa ta ce wanda ya ɓace ana ganinsa. Shekara bakwai tana tarar duk jirgin da ya taso daga kudu. Gonar cittarta ta koma daji, ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta. Kowa ya san in ba ta daina jira ba, a tashar za a ɗauki gawarta. Kullum ta gaban rumfar Kofur take wucewa, kullum yana sunkuyar da kai, mu kuwa muka ɗauka ladabi ne.

Wata Asabar ya kira ta, ni da Fasto muna zaune. Ya buɗe falanki biyu. A na farko kogi siriri kamar yatsa. A na biyu shuɗin fenti ya cinye rabin falankin.

“Mama, irin wannan ƙaramin na gina ma oga,” in ji shi. “Lokacin ban taɓa ganin kogin ba. Taswira ya nuna layi kawai, ni kuma na yi shi kamar rafin garinmu da muke tsallakewa da wando a naɗe. Oga ya duba, ya ce a shiga da ƙafa. Wannan babban shi ne na gaskiya.”

“Silvanus fa?” ta tambaya.

Ya kama yatsarta ya ɗora a tsakiyar shuɗin. “Nan. Da idona na gani. Bindiga da kaya suka ja shi ƙasa. Ba zai sauko daga jirgi ba, Mama. Kuma akwai hannuna a ciki.”

Na ɗauka za ta mare shi, kuma da ban hana ba.

“Shekara bakwai kana gani na ina wucewa,” ta ce.

“Tsoro ne, Mama.”

“To, sa mishi gicciye kamar na sauran.”

Ya soka tsinken a tsakiyar kogin. Gicciye ba ya tsayawa a kan ruwa, amma wannan ruwan na soso ne, ya tsaya. Ta ɗora falankin a ka ta tafi. Falankin aka binne a bayan gida kusa da kabarin mijinta, aka zauna makoki.

Kofur, ba zan ce ba ka yi laifi ba. Ka yi na kogin, ka yi na shirun shekara bakwai, na biyun ma ya fi ba ni haushi. Amma kai ne ka gina kuskurenka da hannunka, ka ajiye shi gefen gaskiya, ka kira wadda ta fi kowa ikon tsine maka ta zo ta duba. Mai reza, mai mayar da shara ƙasa, mun gode. Ku kuma da kuke riƙe da labarin da wani yake mutuwa saboda rashinsa, ku je ku faɗa, kada ku jira shekara bakwai.

Har yau Mama Afiniki ba ta sake gaishe shi ba. In za ta kai citta kasuwa, zagayawa take yi don kada ta bi ta gaban rumfarsa. Amma tun daga wannan Asabar, jirgin kudu bai ƙara tarar da ita a tasha ba.