Wuƙar Malam a Bayan Gilashi

Ranar wata Laraba ce, a zangon ƙarshe na shekarar da nake aji biyar na firamare, aka jera mu biyu-biyu daga makarantarmu ta Gobarau zuwa gidan tarihi. Kowa ya ƙullo gyaɗa ko rake a leda, ni kuwa ɗan gwangwanin man shanu na ɓoye a ƙarƙashin hijabi, da tsumma. Ba kallo ya kai ni ba. Aiki na je yi.

A gidan kakana Malam na tashi, bayan rasuwar mahaifiyata. Gida cike da manya, babu sa'ata ko ɗaya. 'Yan matan unguwa suna 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni kuma ba ni da haƙurin jiran layi, kullum sai an yi faɗa an kore ni. Sai zauren Malam ya zama wurin wasana. Ni ke share shi da safe kafin baƙi su zo, in kakkaɓe buzu, in jera tumtum na fata a jikin bango, in cika shantali da ruwa. A kan ƙusa, daidai saman inda yake zama, akwai wuƙar damtse da ya gada wurin kakansa, cikin jan kube da fatarsa ta fara tsagewa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya zare ta, ya miƙo min tsumma, in shafe ta da man shanu yana kallo. "Uwargida, a hankali, wannan ba ta san wasa ba," haka yake tsokanata. Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya bar min: "Kada ki bari ta yi tsatsa."

Bayan sadakar arba'in kawunnaina suka kwashe kayan zauren suka ba gidan tarihi, aka fasa bango aka yi shagon cajin waya. Ba wanda ya tambaye ni. Ni dai duk Juma'a tuwo ba ya shiga, ina ta ganin tsatsa na cin wuƙar a idona.

Muna shiga ɗaki na uku na gane kayan. Ga buzu a shimfiɗe, ga tumtum a jere, an gitta igiya a gabansu. Kafin in yi tunani na tuɓe takalmi, na durƙusa, na yi sallama yadda na saba. Shiru. 'Yan ajinmu suka fashe da dariya, wata ta ce, "Hassatu, buzu kike gaisarwa?" Ban kula ta ba, na ciro gwangwani na nufi akwatin gilashin da aka ajiye wuƙar a ciki. Dattijon da ke tsaron ɗakin ya tare ni: "Ɗiyata, mi za ki yi da wannan?" Na gaya masa komai. Bai yi dariya ba. Ya ce ba a taɓawa, amma in matso in duba da kyau. Wuƙar tana kwance a zare kusa da kubenta, tana ƙyalli, ko ɗigon tsatsa babu. Da na ɗauka daɗi zan ji. Haushi na ji. Na koma layi, man ya narke ya ɓata min hijabi.

Yanzu in na bi ta gidan, samari ne cike da zauren, kowa da takalminsa, ba mai sallama. Wuƙar kuwa tana can lafiya, ta ma fi samun kula. Ni ce dai har yau in an sauko Juma'a, hannuna ke rasa abin yi.